Mandolin: Ƙaramin Abin Kiɗa Mai Gajeren Numfashi

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kallon fina-finan Indiya ya san sautin mandolin, ko da kuwa bai taɓa jin sunansa ba. Shi ne ɗan kiɗan nan mai kaifi da karkarwa da ke shigowa daidai lokacin da jarumi ya hango budurwarsa daga nesa. A fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, abin nan da Shah Rukh Khan ke yawo da shi, wanda da yawa suka ɗauka ƙaramar jita ce, mandolin ne. Laxmikant, ɗaya daga cikin abokan aikin nan biyu Laxmikant da Pyarelal da suka tsara kiɗan ɗaruruwan fina-finan Bombay, da kaɗa mandolin ya fara neman abinci kafin ya yi suna.

Amma da za ka tambayi mutumin Italiya, zai ce maka ai wannan kayan Napoli ne, na saurayi mai tsayawa ƙarƙashin tagar budurwa da daddare. Ba'amurke zai ce kiɗan ƙauyawan Kentucky ne. A Brazil suna da nasu, suna kiransa bandolim, kuma ba ka isa ka gaya musu na aro ba ne. A Japan kuwa, ɗaliban jami'a ne ke taruwa su hamsin ko fiye suna kaɗa shi tare. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, sai dai kowa gefen da ya iso ƙasarsa ya sani. Ni a ganina abin da ya haɗa waɗannan gefunan duka wata tawaya ce da aka halicci abin da ita: sautinsa ba ya jimawa. Ka kaɗa tsirkiya, ta yi ƙara mai kaifi, kafin ka ƙifta ido ta mutu. Kusan duk wani sauyi da aka yi wa mandolin cikin shekara 300 ƙoƙari ne na rufe wannan tawaya, ko kuma na cin moriyarta.

Bari mu riƙe shi a hannu tukuna. Tsawonsa gaba ɗaya bai cika wuce santimita 60 zuwa 70 ba. Tsirkiyarsa takwas ce, ta ƙarfe, amma an jera su bibbiyu, kowace biyu murya ɗaya, don haka muryoyi huɗu ne a zahiri. Ɓangaren tsirkiyar da ke kaɗawa santimita 33 ne zuwa 35, kusan rabin na jita ke nan. A jikin wuyansa an gindaya ƙananan ƙarafa, inda mai kiɗa ke danna yatsa ya sami muryar da yake so. A kan fuskar akwatin akwai jaki, ɗan katakon da tsirkiyoyin ke hawa, kuma ba a manna shi da gam. Matsin tsirkiya ne kawai ke riƙe da shi, shi ya sa wanda bai sani ba idan ya kwance tsirkiyoyin duka lokaci ɗaya sai ya ga jakin ya faɗo. Ba a kaɗa shi da yatsa tsura. Akwai ɗan farcen roba da ake riƙewa tsakanin babban yatsa da manuniya. Da can gashin tsuntsu ake feƙewa, daga baya aka koma ɓawon kunkurun teku, har sai da aka hana cinikinsa.

Gajeriyar tsirkiya da aka ɗaure tamau tana ba da murya siririya, amma ƙarfin da ke cikinta nan da nan yake zubewa cikin katako ya fice. Kuma ɗaurin ba na wasa ba ne: a irin mandolin da ake amfani da shi a Amurka, jimillar jan da tsirkiyoyi takwas ke yi wa wannan ɗan akwati ya kai wajen kilo 80, wanda ya fi na jita da yawa masu ninkinsa girma. Sabon shiga a yatsunsa yake fara gane haka, don sai sun yi kanta kafin ya daina jin zafi.

Maganin farko shi ne jera tsirkiyoyin bibbiyu. Biyu sun fi ɗaya ƙara, wannan a fili yake. Akwai kuma wani abu da ya fi haka daɗi: duk yadda aka ƙware wajen saiti, tsirkiya biyu ba sa taɓa zama daidai ɗari bisa ɗari, kuma farcen yana taɓa ɗaya kafin ɗaya. Wannan ɗan saɓani shi ke sa sautin ya riƙa ƙyalli kamar yana rawa. Idan saɓanin ya yi yawa kuma, sai kunne ya ƙi shi. Daga nan aka samo tsohuwar ba'ar da makaɗa ke yi wa masu mandolin, wai rabin rayuwarsu a saiti take ƙarewa, ɗaya rabin kuma a kiɗa da abin da bai saitu ba.

Magani na biyu shi ne karkarwar da kowa ya san mandolin da ita. Tunda murya ɗaya ba za ta tsaya ba, sai mai kiɗa ya yi ta maimaita ta, farce na sauka yana hawa da saurin da kunne ba zai iya rarrabewa ba, har ta zama kamar doguwar murya guda. Wanda ya taɓa sauraron yadda Ɗan Maraya Jos ke sa tsirkiya ɗaya tal ta kuntigi ta cika wuri saboda saurin hannu ya riga ya fahimci dabarar. Aikin a wuyan hannu yake, ba a damtse ba, kuma a nan ake bambanta gwani da ɗan koyo: gwani yana iya sa karkarwar ta tashi ta lafa kamar numfashin mawaƙi, ɗan koyo kuwa sai ka ji kamar keken ɗinki.

Saura abu na uku, wanda mutane ba su cika lura da shi ba alhali shi ya fi tasiri a tarihin abin. Muryoyin mandolin huɗu, G da D da A da E, su ne daidai muryoyin gogen Turawa, wato bayolin. Hannun hagu aiki iri ɗaya yake yi a kan su biyun. Ma'ana duk wani kiɗa da aka rubuta wa bayolin, mai mandolin zai iya ɗauka ya kaɗa ba tare da an sake masa tsari ba, kuma duk mai bayolin zai iya komawa mandolin cikin ɗan lokaci. Ga shi kuma ya fi sauƙin koyo nesa ba kusa ba. Bayolin ba shi da ƙarafan wuya, sai ka shekara kana neman inda murya take, maƙwabta na toshe kunne. A mandolin ƙarfen ya riga ya nuna maka wurin.

Asalinsa dangin garayar Turai ne da ake kira lut, wadda ita kuma ta samo tushe daga udin Larabawa da ya shiga Turai ta Andalus da Sisili. A ƙarni na 17 da farkon na 18 akwai wani ƙaramin abu a Italiya mai suna mandolino, da tsirkiyar hanjin dabba, jeri biyar ko shida, wanda sau da yawa da yatsu ake kaɗa shi. Antonio Stradivari, wanda bayolin ɗinsa ke kai miliyoyin daloli a yau, ya ƙera irinsa. Ɗaya da ya yi a 1680 yana nan a gidan adana kayan kiɗa na garin Vermillion a jihar Dakota ta Kudu. Kiɗan mandolin da Antonio Vivaldi ya rubuta a Venis, wanda har gobe shi ne aka fi kaɗawa a manyan zauruka, wannan tsohon samfurin ya rubuta wa, domin ya rasu a 1741, lokacin da sabon bai riga ya bazu ba.

Sabon a Napoli aka haife shi, wajen tsakiyar ƙarni na 18, kuma sunan gidan Vinaccia ne ya fi fitowa a cikin maƙeransa. Su suka tsayar da jeri huɗu da saitin bayolin. Bayan akwatin suka yi shi mai zurfi kamar an raba ƙwarya, ba daga katako guda ba: siraran filaye ne ake lanƙwasawa da zafi a jera su gefe da gefe, a masu tsada har su haura talatin. Fuskar kuma suka karya ta kaɗan daga bayan jaki, ta yi ɗan kusurwa, don ta jure matsi. Daga shekarun 1760 gwanayen Napoli irin su Gabriele Leone da Giovanni Battista Gervasio suka tafi Paris suna koyar da 'ya'yan masu hali, suna buga littattafan koyo. Mozart ya sa mandolin a wasan waƙensa Don Giovanni na 1787, a daidai wurin da mayaudarin ke rera wa wata mace waƙa a ƙarƙashin taga, kuma ina zargin wannan fitowar ce ta liƙa wa abin tambarin kayan zance da har yau bai rabu da shi ba. Beethoven ma ya rubuta masa gajerun kiɗa huɗu a 1796.

Daga nan sai aka yi watsi da shi. Bayan yaƙe-yaƙen Napoleon zaurukan kiɗa suka ƙara girma, ƙungiyoyin makaɗa suka ƙara yawa, fiyano ya ƙara ƙarfi, ɗan abin da muryarsa ke mutuwa nan take ya rasa wurin zama. Ya koma titunan Napoli da shagunan aski. A can ɗin ne, wajen 1835, Pasquale Vinaccia ya yi masa gyaran da ya cece shi: ya sa masa tsirkiyar ƙarfe zalla, ya ƙara zurfin akwatin, ya tsawaita allon wuyan, ya maye gurbin turakun katako na saiti da na ƙarfe masu haƙora. Ƙara ta ƙaru, karkarwa ta samu wurin zama sosai.

Yadda ya dawo kuwa akwai ban dariya, domin da kuskure aka fara. A 1878 wasu makaɗa 'yan Sifaniya cikin shigar ɗalibai suka burge mutanen Paris, kuma a farkon 1880 wata ƙungiya irin tasu mai suna Figaro ta sauka New York, mutane suka yi ta tururuwa. Abin da suke kaɗawa bandurriya ce, wata 'yar uwar mandolin ta Sifaniya mai tsirkiya 12. Amurkawa ba su san bambancin ba. Wani makaɗi ɗan Italiya da ke can, Carlo Curti, ya ga kasuwa ta buɗe, ya tara 'yan ƙasarsu, waɗanda da yawansu masu bayolin ne, ya ba su mandolin, ya sa musu kayan Sifaniyawa, suka shiga zagaya gari da sunan su ma ɗaliban Sifaniya ne. Saitin nan na bayolin shi ya sa dabarar ta yiwu cikin ɗan lokaci. Kafin a ankara, abin da jama'a ke nema a kantuna mandolin ne, bandurriya kuwa an manta da ita. Sannan ga Italiyawa sama da miliyan 4 da suka yi ƙaura zuwa Amurka tsakanin 1880 da farkon shekarun 1920, da yawansu daga kudancin ƙasar, inda abin yake a gida.

Shekaru arba'in da suka biyo baya su ne zamanin da mandolin ya fi kowane lokaci farin jini, kuma maganin da aka samo wa ƙarancin muryarsa a wannan karon shi ne taro. Idan ɗaya ba ya cika zaure, talatin za su cika. Aka ƙera masa 'yan uwa manya don su riƙe ƙananan muryoyi: mandola, mandocello, har da wani ƙato da ake tsayawa a kaɗa. Makarantu, jami'o'i, ƙungiyoyin ma'aikata da na mata, kowa ya kafa tasa ƙungiyar. Wannan wurin ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ake ganin ko su wane ne mutanen mandolin na gaskiya. Ba rediyo a lokacin, faifan garmaho bai wadata ba. Wanda ke son jin kiɗan manyan zauruka, in ba shi da kuɗin tikiti, sai dai ya kaɗa da kansa. Akawu da tela da ma'aikacin masaƙa ba za su iya sayen fiyano ba, ba su da shekarun da za su ba bayolin, amma mandolin yana da araha, kuma cikin 'yan watanni mutum zai iya zama a layin baya ya bi sahu. A Italiya Sarauniya Margherita da kanta tana kaɗawa, abin da ya ƙara masa daraja, amma yawancin masu riƙe da shi talakawan birni ne masu neman abin yi bayan an tashi aiki.

A Napoli, Raffaele Calace, wanda ya rayu daga 1863 zuwa 1934, ya haɗa abu uku: yana ƙerawa, yana kaɗawa, yana rubuta kiɗa, kuma abin da ya rubuta har yau shi ne ma'aunin gwaninta a wannan fanni. A 1924 ya je Japan, ya yi wasa a gaban Yarima Hirohito. Ya tarar abin ya riga ya kama a can, kuma har yau bai saki mutanen ƙasar ba: ƙungiyar mandolin ta Jami'ar Meiji, wadda aka kafa a farkon shekarun 1920, tana nan da ranta, kuma Japan da Jamus su ne ƙasashen da ƙungiyoyin mandolin suka fi yawa a yau. A Jamus ma an zaɓe shi abin kiɗan shekara a 2023. Turkiyya ta bi wata hanyar: a makarantun horar da malaman ƙauye da aka buɗe a 1940, mandolin ne abin da aka fi koya wa ɗalibai, saboda yana da sauƙin ɗauka da sauƙin saya.

Amurkawa kuwa jikin abin suka sauya. Orville Gibson, wani mai sana'ar hannu a garin Kalamazoo na jihar Michigan, ya ga cewa akwatin da aka harhaɗa da filaye da gam da yawa yana danne sauti. Sai ya ɗauko dabarar maƙeran bayolin: a sassaƙe fuska da baya daga katako mai kauri, su yi ɗan tudu, akwatin ya zama marar zurfi. Ya sami takardar mallakar wannan fasaha a 1898, kuma a 1902 wasu 'yan kasuwa biyar suka kafa kamfani da sunansa. Kamfanin ya iya talla. Ya mayar da malaman kiɗa dillalansa: malami ya kafa ƙungiya a garinsu, ya sayar wa ɗalibansa kaya bashi, ya karɓi lada. A tallace-tallacensa yana yi wa tsohon samfurin Napoli ba'a, yana kamanta bayansa mai ratsi-ratsi da ƙwaron dankali. Cikin shekaru kaɗan mai zurfin baya ya zama tsohon yayi a Amurka, duk da cewa a Turai da Japan shi ake riƙe da shi har yanzu.

A 1919 kamfanin ya ɗauki Lloyd Loar, makaɗi mai nazarin sauti, kuma a 1922 ya fitar da samfurin da ake kira F-5. Maimakon rami guda mai zagaye a fuska, ya yanka biyu sirara irin na bayolin. Ya tsawaita wuya, ya matsar da jaki zuwa tsakiyar fuska, ya ɗaga allon wuya don kada ya danne katakon da ke kaɗawa, kuma kowane ɗaya sai ya gwada shi ya sa hannu da kwanan wata a wata takarda a cikin akwatin. Sautin da ya fito busasshe ne mai naushi, yana huda hayaniya. Sai dai ya zo a makare. Kuɗinsa dala 250, kusan kuɗin sabuwar mota ƙirar Ford mafi araha a lokacin, ga shi kuma yayi ya juya: kiɗan jaz ya shigo da ƙahonni da ganguna, masu mandolin suna ta komawa banjo, wani abin kiɗa mai fuskar fata kamar ganga da tsirkiya huɗu, don a ji su, rediyo kuma ta fara shiga gidaje, ba sai ka kaɗa da kanka ba. 'Yan ɗaruruwa kawai aka yi, Loar ya bar kamfanin a ƙarshen 1924.

Wanda ya fito da amfanin F-5 ba irin mutumin da Loar ya yi wa aikin ba ne. Bill Monroe, haifaffen Rosine a jihar Kentucky a 1911, shi ne auta a cikin 'ya'ya takwas. Yayyensa sun riga sun ɗauke bayolin da jita, sai aka bar masa mandolin, kuma kamar yadda shi da kansa ya riƙa ba da labari, sun sa ya cire tsirkiya huɗu don kada ya dame su da ƙara. A 1939 ya shiga shirin rediyon Grand Ole Opry na Nashville da ƙungiyarsa Blue Grass Boys, wadda daga sunanta aka samo sunan salon kiɗan bluegrass. A shekarun 1940 ya ga wani tsohon F-5 a tagar shagon aski a Florida, ya saya dala 150. Takardar cikinsa na ɗauke da sa hannun Loar da ranar 9 ga Yuli, 1923.

Abin da Monroe ya yi shi ne ya daina ɓoye gajeren numfashin, ya mayar da shi makami. Ƙungiyarsa ba ta da ganga. Sai ya riƙa danne tsirkiyoyin duka, ya sare su da farce sau ɗaya, ya saki yatsu nan take, sautin ya fito kamar sarar gatari, a daidai tsakanin bugun babban goge mai riƙe ƙasa. Mandolin ya zama shi ne gangar ƙungiyar. Idan kuma layinsa ya zo na fitowa shi kaɗai, sai ya yi ta sauke farce da ƙarfi, da gudu, da wani ɗaci da ya koya wurin Arnold Shultz, baƙin makaɗin da ya yi wa rakiya yana yaro. Wannan gefen ana yawan tsallake shi idan ana ba da labarin: baƙaƙen Amurka sun daɗe da mandolin a ƙungiyoyinsu, kuma irin su Yank Rachell da Charlie McCoy sun kaɗa kiɗan blus da shi tun a faya-fayan wajen 1930. A 1985 wani ya shiga gidan Monroe ya farfasa wannan mandolin da ƙarfen tona wuta. Wani ma'aikacin Gibson, Charlie Derrington, ya zauna wata da watanni yana tsince ɗaruruwan gutsattsari yana mannawa, har ya koma yana kaɗuwa. Yanzu yana gidan tarihin kiɗan country a Nashville.

Sauran ƙasashe kowa ya ja shi zuwa bukatarsa. A Rio de Janeiro ya zama mai jan gaba a kiɗan choro, kuma Jacob do Bandolim, wanda ya rasu a 1969, ma'aikacin kotu ne da rana, amma shi ya kafa yadda ake kaɗa shi a can: tsaf-tsaf, da karkarwa kaɗan, da wasa da lokaci. Hamilton de Holanda na wannan zamani ya ƙara jeri na biyar, tsirkiya ta zama goma, don ya sami ƙananan muryoyi. A Aljeriya, El Hadj M'Hamed El Anka, uban kiɗan sha'abi, ya ga ƙaramin bai dace da muryar namiji mai rera doguwar ƙasida ba, sai a shekarun 1930 ya sa wani maƙeri a birnin Aljas ya yi masa babba mai dogon wuya. Shi ne mandol, wanda mawaƙan yankin Kabiliya na arewacin ƙasar irin su Lounès Matoub suka riƙe daga baya.

Wanda ya fi kowa nisa da asali shi ne U. Srinivas na kudancin Indiya, da aka haifa a 1969. Kiɗan gargajiyar Karnatik ya ginu ne a kan jan murya: ba a tsalle daga wannan murya zuwa waccan, ana zamewa ne a lanƙwasa a girgiza, yadda maƙogwaron mawaƙi ke yi. Abin kiɗa mai ƙarafan wuya, mai tsirkiya bibbiyu, mai mutuwar sauti nan take, shi ne abu na ƙarshe da za a zaɓa wa wannan aiki, kuma masana sun faɗi haka. Malaminsa ma ba ya kaɗa mandolin, mawaƙi ne. Yakan rera, yaron ya nemo yadda zai fitar da irin wannan a tsirkiya. Srinivas ya koma na lantarki, wanda na'ura ke riƙe masa sauti ya jima, ya watsar da jerin bibbiyu ya sa tsirkiya biyar ɗai-ɗai don yatsa ya sami damar zamewa. Ya fara wasa a bainar jama'a yana ɗan shekara tara, gwamnatin Indiya ta ba shi lambar Padma Shri a 1998, ya rasu a Chennai a 2014 yana da shekara 45. Akwai masu cewa abin da ya riƙe ƙaramar jitar lantarki ce kawai mai sunan mandolin, tunda ya cire tagwayen tsirkiya da karkarwa, abubuwa biyu da aka san mandolin da su. Ba na ganin ƙorafin banza ne. Sai dai da wannan ma'auni, Vivaldi ma da zai ga na Monroe ba lallai ya gane shi ba, kuma babu wanda ya ce a sake wa na Monroe suna.

A yau abin ya sake samun shiga manyan zauruka. Avi Avital ɗan Isra'ila ya zama mai mandolin na farko da aka sa a takarar kyautar Grammy a ɓangaren kiɗan gargajiyar Turai, a 2010, kuma Chris Thile na Amurka, wanda ya taso a bluegrass, yana kaɗa abin da Bach ya rubuta wa bayolin kai tsaye, albarkacin saitin nan na Napoli. Makirufo ya kashe tsohuwar matsalar cika zaure, don haka mai kiɗa yana iya taɓa tsirkiya a hankali a ji shi a kujerar ƙarshe.

A kasuwa kuwa inuwar Monroe ce ta rufe komai. F-5 mai sa hannun Loar, wanda aka rasa masu saye a 1924, yanzu yana haura dala 100,000, kuma yawancin masu araha da masana'antun Chana ke fitarwa kwaikwayon surarsa ne. Mai saye zai tarar da iri biyu: samfurin A, mai sura kamar ɗigon ruwa ba ado, da samfurin F, mai wani naɗi kamar katantanwa a kafaɗa da ƙahonni biyu a jiki. Naɗin nan katako ne kusan toshe, yana cin kwanakin maƙeri wajen sassaƙa da bin gefensa da ado, kuma yawancin maƙera sun yarda cewa ba ya ƙara wa sauti wani abin kirki. Idan aiki da katako iri ɗaya ne, na A ya fi araha sosai. Duk da haka matashin da ke son shiga bluegrass na F yake tara wa kuɗi, don a jikin naɗin ake rataya maɗauri, kuma shi ne a hoton Monroe.